Giwar gidan gem ɗinmu na Suleja: tarihin talabijin mai majigi a cikinsa

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai ya samu sarari.

Ranar Asabar da ta wuce muna share siton da ke bayan ɗakin kallo na hostal ɗinmu, saboda maganar karo-karon da ake yi na sayen sabon talabijin. Can a lungu muka ci karo da wani ƙaton akwati jingine da bango, ƙura ta rufe shi, tsayinsa ya kai ƙirjina, ga tayoyi a ƙasansa. Wani ɗan aji ɗaya ya ce firiza ce. Wani ya ce a'a, na'urar ɗaukar hoton asibiti ce. Ni kuwa ina ganinsa sai na yi tsaye kamar wanda ya haɗu da abokin yarinta a tasha. Talabijin ne, irin wanda ake haska hotonsa daga ciki ta bayan allon. Irinsa sak na girma a gabansa a wani gidan gem a Suleja, muna kiransa Giwa. Da na faɗa musu haka sai suka yi dariya, wai yaushe aka taɓa yin talabijin mai taya. Dariyar nan ce ta sa na zauna na rubuta wannan, domin akwatin nan yana da tarihi, kuma tarihinsa ya taɓa namu.

Bari in fara daga nesa kaɗan. Mu a Arewa, babban hoto bai taɓa zama kayan mutum ɗaya ba. Kalmar majigi da muke kiran na'urar haska hoto da ita har yau, ta samo asali ne daga sunan da Turawa ke kiran wata tsohuwar fitilar haska hotuna. Wani jami'in kiwon lafiya na mulkin mallaka, William Sellers, shi ya fara amfani da fim a Legas wajen wayar da kai a kan annoba tun ƙarshen shekarun 1920, kuma a 1939 aka kafa sashen shirya finafinan mulkin mallaka a Landan aka ɗora shi a kai. Daga nan motocin majigi suka riƙa bin garuruwa da ƙauyuka. A zo da la'asar, a yi shela, a kafa farin allo a ƙofar fada ko filin makaranta, da duhu ya yi a tayar da inji. Ana nuna tsafta, ana nuna noman auduga da gyaɗa, ana nuna manya suna buɗe taro. Tsofaffinmu har gobe suna tuna Baban Larai. A Kano kuma an buɗe gidan sinima na Rex a 1937, sai Palace da ta zo a farkon shekarun 1950 a cikin birni, aka yi ta rigima a kanta. Amma sinima ta mai kuɗin tikiti ce, majigi kuwa na kowa da kowa ne.

Kakana, Allah ya jiƙansa, ya taɓa ba ni wani labari da ban gane darajarsa ba sai daga baya. Ya ce lokacin suna yara a garinmu, tun ana kiransa Abuja, kafin sabon babban birnin tarayya ya karɓe sunan bayan 1976 a koma kiran namu Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau, idan majigi ya zo manya ne ke cika gaba. Su yara da ba su samu wuri ba sai su zagaya bayan ƙyallen su zauna. Hoton yana ratsowa, ana gani sarai, sai dai komai a juye yake: mai sallama da hannun dama sai ka ga da hagu yake yi. Wallahi abin da yaran nan suka gano a bayan ƙyalle shi ne gaba ɗaya dabarar da aka gina Giwa a kanta. Ka sa majigi a bayan allo, ka gyara juyewar hoton, ka rufe komai a cikin akwati, mai kallo ya zauna a gaba.

Me ya sa Bature ya wahalar da kansa haka? Saboda tsohon talabijin mai ƙeya yana da iyaka. Ƙatuwar kwalbar gilashi ce da aka zuƙe iskar cikinta, kuma duk inci ɗaya da ka ƙara mata sai ka ƙara kaurin gilashin, in ba haka ba iskar waje ta murƙushe ta. Da an kai wajen inci 36 zuwa 40, nauyin ya fi ƙarfin mutum biyu. Wanda yake son inci 50 ko 60 dole a nemo masa wata hanya. Tun 1947 kamfanin RCA na Amurka ya fitar da talabijin mai haskawa ta baya, amma kasuwarsa ba ta buɗe sosai ba sai a shekarun 1980 da 1990, lokacin da Mitsubishi da Sony da Toshiba da Hitachi da Pioneer suka cika falukan Amurkawa da su. Mu a lokacin ma muna ta murnar talabijin ɗin kanta ne. An buɗe tashar farko a Ibadan a 1959, ta Kaduna a 1962, aka haɗe su ƙarƙashin NTA a 1977, kuma a yawancin unguwanni gida ɗaya ne mai akwati, yara suna leƙe ta taga.

Na san abin da ke cikin Giwa domin na gani da idona ranar da mai gyara ya buɗe bayanta. Abin mamaki, rabin akwatin fanko ne. A ƙasa akwai ƙananan kwalabe uku a jere suna kallon sama, ɗaya tana fitar da ja, ɗaya kore, ɗaya shuɗi, kowace da ƙaton gilashin ƙara girma a bakinta, da wani ruwa a tsakani mai sanyaya ta. Haskensu yana bugun wani babban madubi da aka kafa a karkace a jikin murfin baya, madubin ya jefo shi kan allon. Allon kansa ba gilashi ba ne, faranti ne na roba kan roba: na ciki yana da zane-zanen da'ira masu tattara haske su miƙar da shi, na waje yana da siraran layuka a tsaye masu baza shi hagu da dama. Wannan tsarin yana da wani sakamako da duk wanda ya yi gidan gem ɗinmu ya sani a jikinsa. Wanda yake zaune a benci, idonsa daidai tsakiyar allon, shi ke ganin hoto tangaran. Yaron da ke zaune a ƙasa, ko wanda ke tsaye a baya, dusu-dusu yake gani. Benci kuwa na wanda ya biya ne. Ashe kimiyyar haske ce ta raba mu aji-aji, mu muna zaton mugunta ce ta mai shago.

Yadda Giwa ta zo Suleja kuwa labarin garinmu ne kansa. Tunda gwamnati ta tare a Abuja a Disambar 1991, Suleja ta zama ɗakin kwanan ma'aikatan birnin. Rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007, da hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, suka ƙara turo jama'a zuwa Suleja da Madalla da Kwamba da Gauraka. Gari ya cika da matasa, Bahaushe da Bagware da Banufe da Ibo da Bayarabe, kowa da ɗan canjinsa da yamma. Abin da ya biyo jama'a shi ne kayan gwanjo. Wasu daga manyan gidaje da otal-otal na Abuja suke fitowa, wasu daga Legas, ta kasuwar Alaba. A daidai lokacin ne kuma ƙasashen Turawa suke zubar da tsofaffin akwatunansu: Amurka ta kashe tsohon tsarin watsa talabijin a Yunin 2009, Birtaniya ta kammala nata a 2012, ga kuma falle-fallen talabijin na bango sun fara araha. Abin da ya zama kaya a falon wani a can, shi ya zama jari a hannun wani a nan. Mai shagonmu, Oga kawai muke ce masa, ya sayar da babur ɗinsa ya cika kuɗin. Maza huɗu suka sauko da ita daga a-kori-kura, unguwa ta fito kallo kamar an kawo amarya.

Sai dai amaryar ta zo da sharuɗɗa. Ƙirar Amurka ce, wutar da take sha rabin tamu ce, don haka sai da aka saya mata taransifoma mai rage ƙarfin wuta. Tsarin launinta ma ba irin namu ba ne, ranar farko baƙi da fari ta nuna, sai da Oga ya samo PlayStation 2 da ta dace da ita. Ga batun wuta. Jiharmu ce mai Kainji da Shiroro, kirarinta ma na wutar lantarki ne, amma rabin rayuwar Giwa a kan ƙaramin janareta ta yi, wanda ake wa laƙabi da ai-fas-mai-neba. Idan aka kunna ta sai ka ji muryar injin ta sauya kamar wanda aka ɗora wa buhu.

To me ya sa muke barin ƙananan talabijin huɗu da ke shagon, mu bi layin Giwa, alhali kuɗinta ya ninka? Wanda bai taɓa buga ƙwallo a inci 14 ba ba zai gane ba. A ƙaramin akwati 'yan wasa kamar tururuwa suke, kana buga fasin ne da tsammani. A Giwa kana ganin ɗan wasanka yana shirin tsere ta gefe tun kafin ka ɗaga masa ƙwallo. Sannan mutum ashirin suna iya kallon wasan mutum biyu, kuma nan ne daɗin yake. Cin mutum uku da nema a ɓoye ba komai ba ne. Cinsa a gaban unguwa, a kan allon da ake hangowa daga bakin titi, shi ne abin da ake kwana ana tunawa. Muna da dokokinmu: ba a ɗaukar Barcelona sai an yarda, kuma masu nacin tsohon faifan PES 6 sun haramta Inter saboda Adriano, wanda ƙarfin shot ɗinsa 99 ne, daga ko'ina ya buga sai raga. Wanda aka ci shi ke biya. Ni dai kuɗin lesin ɗina na sati biyu ya tafi a wannan doka, kuma ranar da Baba ya gano, ba a gidan gem na ji jiki ba.

Daga baya ne, da na shigo jami'a na fara karance-karance, na gane cewa a lokacin da muke bin layin Giwa, masu ita na asali sun riga sun wuce ta da zango biyu. A 1987 wani injiniya na kamfanin Texas Instruments, Larry Hornbeck, ya ƙirƙiro wani ɗan guntu mai ɗauke da ƙananan madubai dubbai, kowane yana karkata shi kaɗai sau dubbai a daƙiƙa. Da wannan aka yi sabon samfurin talabijin mai haskawa ta baya, wanda ake kira DLP: babu kwalabe uku, sai fitila ɗaya mai tsananin haske da wani faifan launuka mai juyawa. Sony kuma ta fito da nata mai suna SXRD. Waɗannan su ne suka kai layi 1080, wato ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, sama da ɗigo miliyan biyu a hoto guda, alhali talabijin ɗin da muka sani layi 576 ne. Sun zo daidai da fitowar Xbox 360 a 2005 da PlayStation 3 a 2006, kuma masu buga gem a kwamfuta sun rungume su, domin a shekarun nan babu wata hanya mafi araha ta samun inci 50 ko 60 mai wannan kaifin. Mutum ya jona kwamfutarsa, ya koma kan kujera, motar tsere ta cika masa bango. Suna da nasu ciwon: fitilar tana mutuwa bayan wasu dubban awoyi a sayi sabuwa da tsada, wasu idanun suna ganin walƙiyar bakan gizo idan abu ya gifta da sauri, gefen hoton kwamfuta yana yankewa, wasu kuma suna jinkirta hoto kaɗan tsakanin danna maɓalli da motsi, abin da ɗan gem ba ya yafewa. Duk da haka an so su. Amma zamaninsu gajere ne. Sony ta sanar da daina yin su a ƙarshen 2007. Mitsubishi ce ta yi taurin kai, har inci 92 ta fitar, ita ma ta rufe a ƙarshen 2012. Talabijin na bango ya cinye kasuwar, ba don ya fi kyan hoto a lokacin ba, sai don ba ya cin rabin ɗaki.

Irin Giwarmu mai kwalabe uku kuwa, gaskiyar magana ba a yi ta don gem ba. Takardun da ke zuwa da Nintendo da PlayStation suna gargaɗi ƙarara a kan jona su da talabijin mai haskawa, domin duk abin da ya daɗe a wuri ɗaya a allo yana ƙona fuskar kwalaben. Wa ya karanta? Kayan gwanjo ba ya zuwa da takarda. Bayan shekara guda, akwatin da ke nuna ci da lokaci a saman allo ya zauna daram. Ko fim ɗin Indiya Oga ya saka da daddare, inuwar nan tana wurin, jarumi yana kuka ga sakamakon wasa a saman kansa. Sannan duk lokacin da aka ture ta don shara, launukan uku sai su saɓa, kowane ɗan wasa ya samu jar inuwa a gefe guda da shuɗiya a ɗayan. Mutum ɗaya ne muka sani mai iya daidaita su, wani dattijon mai gyaran rediyo a kusa da kasuwar IBB, wanda bai yi boko mai nisa ba. Sai ya kira wani zanen raga a allon, ya yi ta matsa layuka ɗaya bayan ɗaya har su haɗu su zama fari. Ina tsaye a bayansa ina riƙe masa tocila. In kun tambaye ni dalilin da ya sa nake karanta abin da nake karantawa yau, ba wani malamin makaranta ba ne, tocilar nan ce.

Akwai ɓangaren da ba na son rubutawa, amma in na tsallake shi na yi ƙarya. Bencin Giwa shi ne wuri ɗaya tilo a rayuwata ta lokacin da nake zama cinya da cinya da yaran da ba masallacinmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba. Babban abokin hamayyata wani yaron Ibo ne da babansa ke sayar da kayan gyaran mota, Hausarsa ta fi tawa zagi. A Afrilun 2011 bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe na Suleja. Ranar Kirsimeti ta shekarar wani ya tashi a cocin Katolika na Madalla, mutane da yawa suka mutu. Kafin shekara ta fita aka sa ƙaramar hukumar Suleja cikin waɗanda aka ƙaƙaba wa dokar ta-ɓaci. Shingaye suka cika hanya, dare ya zama na zaman gida, iyaye suka hana yara shiga duk wani taro. Gidan da ke cika har tsakar dare ya koma rufewa da magariba. Abokin nawa sun tafi gida hutun ƙarshen shekara, ba su dawo ba. Ina binsa wasa ɗaya da ya yi alkawarin ramawa. Ko lambar waya ba mu da ita a lokacin.

Giwa ba ta daɗe ba bayan nan. Wata rana aka kawo wuta da ƙarfi, taransifomar ta yi ƙara, wari ya tashi, shi ke nan. Dattijon ya duba ya ce abin da ya ƙone babu shi a kasuwa, waɗanda suka ƙera ta ma sun daina. Oga ya yi shiru ya daɗe. Babur ɗinsa ne kwance a wurin. Aka fasa ta a ƙofar shago: 'yan jari-bola suka ɗauki wayoyin jan ƙarfe, wani mai aski ya sayi madubin, katakon ya zama akurkin kaji. Kwalaben kuwa, masu gubar dalma a gilashinsu, a bola suka ƙare, yara suna jifansu da dutse, ba wanda ya gaya mana haɗari ne. Amma kafin a watse dattijon ya zare farantin ciki na allon, mai zanen da'irar nan, ya ce mu biyo shi rana. Ya ɗaga shi sama da wani guntun katako, ya ɗan matsa gaba ya ɗan ja baya, sai ga wani ɗigon haske da ba a iya kallo, kafin ka ce kwabo katakon ya kama da wuta. Irin gilashin ne da wani Bafaranshe, Augustin Fresnel, ya ƙirƙiro a shekarun 1820 don fitilun da ke nuna wa jiragen ruwa gaɓa. Shekara biyu muna zaune a gabansa ba mu sani ba.

Yanzu in dawo kan rigimar hostal. Na ji masu cewa karo-karon ɓarnar kuɗi ne, tunda kowa yana da eFootball a wayarsa. Gaskiya ne wayar da ke aljihun da yawanmu ta fi Giwa yawan ɗigo nesa ba kusa ba. Amma ku leƙa ɗakunanmu da daddare: mutum shida, fuska shida kowace da nata hasken, ba mai magana da wani. Akwai waɗanda muka yi zango uku a bene ɗaya ban san sunansu ba, sai dai in ce na ɗakin ƙarshe, ko yaron nan na Benuwai. Ni zan biya nawa, kuma ina roƙon kwamiti abu biyu: a sayi abin kare shi daga hawan wuta tun ranar farko, ko da za a rage girman allon, sannan a raba lokaci a rubuce tsakanin masu kallon ƙwallo da masu gem kafin a fara dambe.

Tsohon akwatin da ke sito kuma, don Allah kada a kira 'yan jari-bola tukuna. Na roƙi izinin mai kula da hostal ya amince. Asabar mai zuwa da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, lokacin da rana ta yi ƙarfi, za mu buɗe shi a filin baya. Ya shekara da shekaru ba a jona shi ba, amma duk da haka kada kowa ya sa hannu a wajen kwalaben ko jar wayar da ke jikinsu sai na zo. 'Yan injiniyan lantarki da 'yan fizis ku zo da sukundireba, 'yan tarihi ku zo da biro. Wani ya taho da guntun katako da bokitin ruwa.